KIN GANI NE KO KIN JI?

Maganar da na zo mana da ita yau tana da ɗan nauyi, saboda haka in kina da tukunya a wuta ki janye itace, ki zo ki zauna mu yi ta a natse.

Duk macen da ta haihu, kai ko wadda ta taɓa goyon ƙaninta, ta san babu maganar da ke kaɗa hantar mutum irin a ce "ba a ga yaro ba." Mutuwa duk ɗacinta, an yi wanka an yi sutura an kai, uwa ta san inda ɗanta yake kwance, ta yi kuka ta gaji ta haƙura. Ɓata kuwa ba ya barin ido ya runtsa. In ta ɗauki loma sai ta ce ko ya ci, in hadari ya haɗo sai ta ce ko yana ina. Shi ya sa iyayenmu suke cewa gara mutuwa da ɓata.

To amma fa akwai musiba ta biyu da take bin bayan ɓatan yaro, wadda ba mu cika lissafawa da ita ba, don kuwa da bakinmu muke haɗa ta. Tun ba a gama leƙa rijiya da bayan ɗaki ba, an riga an sami mai laifi. In akwai kishiya a gidan, ita ce. In babu, to 'yar aiki ce, ko almajirin gidan, ko tsohuwar nan ta lungu da ba ta da kowa, ko baƙon da ya kama haya watan jiya. Wani lokaci ma uwar ce da kanta. Wadda ta ga abin da ya faru da idonta sai a ce ta rufe wa mutane baki, wadda ba ta wurin kuwa ita ce mai dogon bayani.

Bari in ba ki labarin wata mata ta wata ƙasa mai nisa, don wani lokaci mutum ya fi ganin halinsa a jikin wani. Labarin ba ƙagagge ba ne irin na littattafan soyayya da muka saba karantawa, yana nan a rubuce cikin takardun kotunan ƙasarsu, har fim an yi a kansa a 1988.

Sunanta Lindy Chamberlain, Baturiya ce 'yar ƙasar Ostireliya. Mijinta Michael fasto ne a wata ɗariƙa ta Kiristoci masu yin ibadarsu ranar Asabar, ɗariƙar da yawancin mutanen ƙasar ba su san kanta ba a lokacin. Ki riƙe wannan, zai yi mana amfani a gaba. Suna zaune a garin Mount Isa, garin masu haƙar ma'adinai, da 'ya'yansu maza 2, mai shekara 6 da mai shekara 4, sai kuma jaririya Azaria da aka haifa ranar 11 ga Yuni 1980.

A watan Agusta na wannan shekara, jaririya tana da sati 9, wato da a nan ne maijego ba ta daɗe da gama wanka ba, sai suka tafi yawon buɗe ido wajen wani ƙaton jan dutse da ke tsakiyar hamadar ƙasar, ana ce masa Uluru. Suka kafa tanti a sansanin baƙi kamar kowa. Wannan jeji akwai wata dabba a cikinsa da ake kira dingo, karen daji ne, in kin gan shi sai ki ce karen farauta, amma ba na kowa ba ne, da farauta yake ci da kansa.

Daren Lahadi 17 ga Agusta 1980, suna wajen dafa abinci suna hira da wasu ma'aurata da suka haɗu da su a nan, Greg Lowe da matarsa Sally. Jaririya ta yi barci, Lindy ta kai ta tanti ta kwantar kusa da ƙaramin yayanta da ya riga ya yi barci. Babban yaron ya raka ta, ya ce yana jin yunwa, ta ɗauko masa gwangwanin wake, suka dawo tare. Tafiyar duka ba ta wuce minti 5 zuwa 10 ba. Bayan ta dawo tana tsaye cikin mutane sai aka ji kukan jariri daga wajen tantin. Mijin ya ji, Sally ma ta ji. Lindy ta nufi tantin, sai ta hango dingo yana fitowa daga ciki yana girgiza kai. Ta faɗa ciki, shimfiɗa babu kowa. Ta ƙwalla ihu tana cewa dingo ya ɗauke mata 'ya.

Kusan mutum 300 suka bazu cikin jeji da fitilu a daren nan, ga sanyi. An ga jini a cikin tantin, an ga sawun dabba a bakinsa. Wasu ma'aurata da ke tanti na kusa suka ce sun ji gurnanin kare dab da ihun. Mabiya sawu daga cikin 'yan asalin ƙasar, baƙaƙen fata da iyaye da kakanni suka rayu a wannan jeji, suka bi sawun har suka nuna inda dabbar ta ajiye wani abu a kan rairayi ta sake ɗauka. Shi kansa shugaban masu gadin dajin, Derek Roff, tun kafin wannan rana ya sha rubuta wa manyansa cewa karnukan nan sun daina tsoron mutane, ana jin tsoron abin da za su aikata. Bayan sati guda aka tsinci kayan jaririyar duk jini, can kusa da gindin dutsen. Uwar ta ce akwai 'yar farar rigar sanyi ta saƙa da ta ɗora mata a sama, ita ba a gan ta ba. Gawa kuwa har yau ba a samu ba.

Alƙalin farko da ya binciki sanadin mutuwar, Denis Barritt, ya yanke a watan Fabrairun 1981 cewa dingo ne ya ɗauke ta, iyayen ba su da hannu. Har a talabijin ya karanta hukuncin don ƙasa duka ta ji. Ke a ganinki ai magana ta ƙare ko? Ina! Kotun bakin mutane ta riga ta zauna, kuma ita ba ta jiran shaida.

Me suka riƙe? Ki saurara da kyau, ki gaya mini ko kin taɓa jin irinsa. Na farko, wai ba ta yi kuka yadda ya kamata uwa ta yi ba. Mace ce mai dakiya, in 'yan jarida sun tambaye ta sai ta amsa dalla-dalla ido a bushe, kuma ba ta daina sa tufafinta masu kyau ba. Na biyu, wai an taɓa ganin ta sa wa jaririyar baƙar riga, wace uwa ce za ta sa wa jariri baƙi? Na uku, wai ma'anar sunan Azaria hadaya a jeji, alhali sunan na nufin wadda Allah Ya taimaka. Na huɗu, wai addininsu na yanka jarirai ne, alhali babu wannan a cikinsa ko kusa. Har wani ɗan akwatin gawa da aka gani a gidansu aka ce na jaririyar ne, alhali mijin yana amfani da shi ne wajen wa'azin hana shan taba, mutane su jefa sigarinsu a ciki. Aka buga riguna ana sayarwa masu cewa karen ba shi da laifi. Mutanen birni da ba su taɓa kwana a jeji ba suka rantse dingo ba zai iya ɗaukar jariri ba.

Da surutu ya yi yawa aka soke hukuncin farko, aka sake bincike, aka gurfanar da ita a garin Darwin a 1982 bisa tuhumar kisan kai. Lauyoyin gwamnati suka ce wai a cikin 'yan mintocin nan da ta bar wajen girki ta shiga mota da jaririyar, ta yanka ta da almakashi, ta ɓoye gawar a jakar kyamara, ta goge jikinta, ta ɗauko gwangwanin wake, ta dawo tana hira kamar ba a yi komai ba. Babu gawa, babu wanda ya gani, ba ta amsa laifi ba, kuma su da kansu ba su iya faɗin dalilin da zai sa ta yi ba. Abin da suka dogara da shi masana ne. Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaji ta ce ta sami jinin jariri a cikin motar, har da feshinsa a ƙarƙashin gaban mota. Wani babban farfesa daga Landan ya ce ya ga shatin hannun mutum na jini a jikin rigar. Aka ce kuma babu yawun kare a rigar. Da Lindy ta ce ai rigar sanyin ce a sama, sai aka ce wannan riga ƙarya ce ta ƙirƙiro.

To ina Sally Lowe? Ta zo kotu ta rantse cewa ta ji kukan jaririyar bayan Lindy ta dawo. Ki duba fa, in jaririya ta yi kuka uwarta na tsaye a gaban mutane, ai zancen yanka a mota ya rushe. Sally uwa ce mai ƙaramar yarinya, ta san kukan jariri, kuma ba danginsu ba ce, ba 'yar ɗariƙarsu ba, a daren nan ta fara ganinsu. Amma aka ce ruɗewa ta yi. Mabiya sawun nan kuwa, da yake talakawa ne baƙaƙe marasa takardar makaranta, ba a ba iliminsu wani nauyi ba. Wanda ya zo daga Landan da kwat, bai taɓa taka wurin a daren ba, shi aka ji. Ranar 29 ga Oktoba 1982 mutum 12 masu taya alƙali hukunci suka ce ta aikata. Aka yi mata ɗaurin rai da rai, mijin aka ce ya taya ta ɓoyewa, aka yi masa ɗaurin wata 18 na jeka-ka-gyara-halinka.

'Yar uwa, a lokacin tana da tsohon ciki. A watan Nuwamba ta haifi 'ya mace tana fursuna. Aka ba da belinta na 'yan watanni, da ɗaukaka ƙara ta faɗi a 1983 aka mayar da ita gidan yari, aka raba ta da jaririyar. Kotun ƙoli ma a 1984 ta ƙi sakinta, alƙalai 3 suka rinjayi 2. Kin ga dabba ta ɗauke mata ɗaya, mutane sun ɗauke mata ta biyu.

Gaskiya dokin ƙarfe. A farkon 1986 wani ɗan yawon buɗe ido ɗan Ingila ya faɗo daga kan dutsen nan ya mutu. 'Yan sanda suna neman ragowar gawarsa a wani wuri mai ramukan dingo, sai ga 'yar rigar sanyi ta saƙa a cikin ƙasa. Rigar nan da aka ce ƙarya ce. Cikin 'yan kwanaki, ranar 7 ga Fabrairu 1986, aka sake ta, bayan ta yi kimanin shekara 3 a tsare. Aka naɗa wani alƙali, Trevor Morling, ya sake tona komai, ya ba da rahoto a 1987. Abin da aka ce feshin jinin jariri ne a mota ashe wani sinadari ne da kamfanin motar ke fesawa don rage ƙara. Shatin hannun nan na jini ashe jan ƙasar hamada ce. A wannan karon aka zauna aka saurari mabiya sawun da kyau. A watan Satumban 1988 kotu ta wanke su ita da mijin, a 1992 aka biya su diyyar dalar Ostireliya miliyan 1.3.

Amma kin san bakin mutane ba ya karɓar takardar kotu. Aurensu ya mutu a 1991. Wani binciken da aka yi a 1995 ya ce ba a san sanadin mutuwar ba, wato an bar ƙofar zato a buɗe. Sai da dingo suka kashe wani yaro ɗan shekara 9 a tsibirin Fraser a 2001, aka kuma tara labaran wasu yaran da suka kai wa hari, sannan masu gardama suka fara sassautawa. Ranar 12 ga Yuni 2012 wata alƙaliya, Elizabeth Morris, ta yanke cewa dingo ne ya ɗauki Azaria ya kashe ta, aka gyara takardar shaidar mutuwarta. Da tana raye, kwana ɗaya kafin nan ta cika shekara 32. Shekara 32, jama'a, kafin a yarda da maganar da uwa ta faɗa tun a minti na farko.

Kada ki ce wannan halin Turawa ne. Abin da ya sa labarin matar nan ya tsaya mini a rai shi ne, ni ma an taɓa mayar da shaidata banza kamar yadda aka yi wa Sally, kuma a nan cikin unguwarmu.

Shekarun baya, ina da ɗa ɗaya a lokacin, akwai gidan da muke katanga ɗaya da su, mata 2 ne a ciki. Uwargida na da 'ya'ya 4, amarya kuwa ta shekara 2 ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Mace ce marar yawan magana. Ran nan bayan azahar ta shigo wurina kitso, muna zaune a tsakar gida tun rana na tsaka har aka kira la'asar, ko ƙofa ba ta leƙa ba. Na yi rabin kai kenan sai muka ji salati daga gidansu, wai ba a ga autan uwargida ba, ɗan shekara 3. Amarya ta zabura ta ja mayafi ta rufe rabin kitson, ta bi gida-gida tana tambaya har magariba. Da ta dawo ta ga sauran yaran ba su ci komai ba tun rana, sai ta hura wuta ta ɗora tukunya.

Wannan tukunya ita ta jawo mata. Mata sun cika gida ana ta koke-koke, sai aka fara zunɗe. "Kin ga ko ɗigon hawaye babu." "Ɗa ya ɓata ita ta tuwo take." Wata yarinya mai talla ta ce ta ga wata mata da shuɗin mayafi riƙe da hannun wani yaro a bakin titi. Ba ta ce amarya ba, ba ta ma ce yaron ne ba. Amma kafin isha'i maganar ta zama an ga amarya ta miƙa shi ga wani mai mota. Mayafi shuɗi kuwa, a layinmu kaɗai mun fi mu 5 masu shi, don ankon biki ne.

Na ratsa mata na je gaban uwar mijin na durƙusa na ce, "Inna, don Allah a bar maganar nan. Wallahi tun bayan azahar tana gidana, kanta na kan cinyata. Ga kitson nan ban ƙarasa ba, a buɗe a gani."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ke 'yar nan, ai ƙawarki ce. Me za ki ce da ya wuce haka? Tashi ki ba mutane wuri."

Na juya wajen uwargida na ce, "Yaya, ke kin san ni, ban taɓa yi miki ƙarya ba." Ita kam ba ta cikin hayyacinta, kuka kawai take, ban ga laifinta ba. Amma masu zuga ta suka ce ai har da ni aka haɗa baki. Ni da nake tare da matar, shaidata ba ta ci ba. Wadda ta ji daga wadda ta ji daga mai talla, ita aka gaskata. A daren nan har jakunkunan amarya aka zazzage ana neman laya.

Washegari da hantsi aka ji cigiya a rediyo, an tsinci yaro yana gidan mai unguwar wata unguwa can gaba da mu. Ashe masu kiɗan biki ne suka wuce, ya bi yara, yara suka watse suka bar shi, wani bawan Allah ya gan shi yana kuka ya kai shi inda ya dace. Aka ɗauko shi lafiya lau, har da alewa a hannu. Kin zaci wani ya je ya ce mata yi haƙuri? Sai cewa aka yi ai don ta ga an matsa ne ta sa aka sako shi. Mata suka hana 'ya'yansu karɓar abu daga hannunta. In ta shiga gidan suna sai ki ga kowace ta janyo nata ta rungume. Shekara ba ta zagayo ba ta yi yaji, daga yajin nan takarda ta bi ta. Yaro ya kwana ɗaya a waje ya dawo, ita kuwa sunanta bai dawo ba.

Mukan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar nan tana da inda ta tsaya. Wata in tashin hankali ya same ta kururuwa take ta faɗi tana birgima, wata kuwa daskarewa take kamar dutse, wata aiki take kamawa don in ta zauna zuciyarta za ta buga. Duk cikinsu babu wadda ta fi wata jin zafi. Ki tuna ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, da muka koya tun muna Islamiyya. Su wa suka zo da daddare suna kuka? 'Yan uwansa ne da suka jefa shi rijiya da hannunsu, suka shafa wa rigarsa jinin ƙarya suka ce kerkeci ya cinye shi. Malamai suka ce mahaifinsu ya lura rigar ko yagewa ba ta yi ba. Can masu kuka ne maƙaryata, dabba ba ta da laifi. Wajen Lindy marar kuka ce mai gaskiya, dabbar ce ta yi ɓarna. A duka biyun riga ce ta faɗi gaskiya, hawaye bai faɗi komai ba.

Mu nan Kano ma mun ga haka da idonmu. A watan Disambar 2021 aka sace Hanifa, yarinya 'yar shekara 5, aka nemi kuɗin fansa naira miliyan 6. Da asiri ya tonu a watan Janairun 2022, wa aka kama? Mai makarantar da take zuwa, Abdulmalik Tanko, mutumin da iyaye suka damƙa wa amanar 'ya'yansu, wanda dangin suka ce yana cikin na farko-farkon zuwa yi musu jaje. Ana zaton wuta a maƙera sai ta tashi a masaƙa. Kuma ki lura, zunɗen mata bai kama shi ba. Jami'an tsaro ne suka bi diddigi har suka cafke shi wajen karɓar kuɗin, aka tono gawar inda aka binne ta, aka kai shi kotu aka kawo shaidu, babbar kotun jiha ta yanke masa hukuncin kisa a watan Yulin 2022. Allah Ya jiƙan Hanifa, Ya ba iyayenta haƙuri. Da a ce da fuska ake gane mugu, da mai zuwa jaje ba zai taɓa shiga lissafi ba.

Wata za ta ce, to shikenan sai mu naɗe hannu kada mu zargi kowa? A'a, ban ce ba. Ana samun kishiyar da ta cuci ɗan kishiya, ana samun 'yar aikin da aka haɗa baki da ita, har uwa ana samu. Mai bincike dole ya tambayi kowa, na gida ma su ne farko, wannan aikinsa ne. Amma tambaya daban, hukunci daban. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, sashe na 36, ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. A shari'ar Musulunci ma wanda ya yi da'awa shi ake nema ya kawo hujja. Ba a ce wadda ake zargi ta kawo hujjar wanke kanta ba. Mu kuwa mun juya abin, mu ɗora wa mace laifi sannan mu ce ta sauke in ta iya. In ta yi kuka mu ce na munafunci ne, in ta yi shiru mu ce taurin zuciya, in ta rantse mu ce ai dama mugu ba ya tsoron rantsuwa. Ta ina za ta fita?

Kuma wannan zato yaron da ake nema yake cuta. Duk sa'ar da aka ɓata ana zazzage jakar amarya, sa'a ce da ya kamata a ce an kai rahoto wajen mai unguwa da 'yan sanda, an kai cigiya gidan rediyo da masallatai, an duba tasha da rijiyoyi da kududdufai. In hankalin kowa ya tafi kan mutum ɗaya, mai laifin gaske sai ya samu hanya ya sulale. Balle yanzu da waya ke hannun kowa. Da, gulma a layi take kwana. Yanzu kafin ki sauke tukunya hoton baiwar Allah ya zaga WhatsApp da Facebook an rubuta ɓarauniyar yara a ƙasa. Mun sha jin yadda ihun "ɓarawon yara" ke sa a far wa baƙo ko mai taɓin hankali da duka, wani har a rasa rai, daga baya a gane ɗansa ne yake riƙe da shi, ko hanya kawai yake tambaya. Magana zarar bunu ce, wadda ta tura hoton nan tana kwance a ɗakinta tana da kaso a cikin jinin.

Saboda haka ga roƙona gare ki. Ranar da aka ce ba a ga yaro ba a unguwarku, Allah Ya kiyaye, in wata ta matso kunnenki ta ce ai wance ce, ki tambaye ta abu ɗaya: kin gani ne ko kin ji? In ta ce ji ta yi, ki ce daga wa, shi wancan ɗin ya gani? Za ki sha mamakin yadda magana ke narkewa kafin a kai mutum na 3. In kuwa ke ce kika gani, to ki faɗi iyakar abin da idonki ya gani, da lokacin, da wurin, da kalar tufafin, kada ki ƙara gishiri, kuma ki faɗa wa masu bincike tun kafin surutun mutane ya gauraya miki tunani. Shuɗin mayafi kika gani, ki ce shuɗin mayafi, kada ki sa masa suna. In kuma shaidarki ta wanke wadda kowa ya tsana ce, ki daure ki faɗa ko da za a ce ƙawarki ce, ko da za a kore ki daga tsakar gida. Sally Lowe ba ta taɓa janye maganarta ba duk shekarun nan, kuma a ƙarshe tata ce ta tabbata. Mai shaida ba a auna shi da kwat ko da talauci, ko da wa yake ƙawance. Abin tambaya, yana wurin? Me ya gani? Maganarsa ta yau ta dace da ta jiya?

Ke budurwa da kike karanta wannan kina ganin abin ya yi miki nisa, gobe ke ce amarya a gidan wani, ke ce baƙuwar da ba a san halinta ba. Ke uwargida, 'yarki ce za ta je gidan da ba ta da mai tsaya mata. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Adalcin da kike so a yi wa taki ranar da yatsa ya nuna ta, ki fara yi wa 'yar wani yau.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya bayyana duk yaran da suka ɓata, Ya sanyaya zuciyar iyayensu, Ya kuma tsare harsunanmu daga ɗaukar alhakin bayinSa. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu. Wassalam.